Furojet ɗin da aka kira sikelin mai nama

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Musamman 'yan ajin ƙarshe da waɗanda za su zaɓi maudu'in furojet a zangon da ke tafe, ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ina zaune ne a ɗakina a Bukan Sidi, wuta ta ɗauke tun bayan la'asar, ga na'urar da na ƙera a kan tabarma na lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura. Ranar Talatar da ta wuce na gabatar da ita a seminar. Wani malami ya leƙa ta, ya ɗaga kai ya ce, "To wannan ai sikelin mai nama ne." Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi dariyar yaƙe, don ba yadda zan yi. Wanda ya gabatar kafin ni ƙofa ya yi mai buɗe kanta da rimot, an tafa masa sosai. Ba hassada nake masa ba, abokina ne, tare muke cin garau-garau. Amma tun ranar maganar take cina, ga shi saura mako biyu a yi difens na ƙarshe. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ke raina, wanda zai yi dariya ya yi bayan ya ji.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mun cika son ƙera abin da ke motsi da walƙiya, mun raina ƙera abin da ke awo. Alhali a asibitocinmu abin da ya fi ƙaranci shi ne wanda zai iya tsayawa gaban na'ura ya tabbatar ko gaskiya take faɗa ko ƙarya.

Bari in ba ku labarin yadda na faɗa cikin wannan aiki.

Na yi IT ɗina a sashen gyaran na'urori na wani lab da ake gwajin cututtuka. Ba zan faɗi sunansa ko garin da yake ba, don mutanen kirki ne, sun riƙe ni da mutunci. A can na fara ganin gwajin PCR da idona, wanda muka riƙa jin sunansa lokacin korona a 2020, kuma da shi ake tabbatar da zazzaɓin Lassa da ke yi mana ɓarna duk rani. Ana amfani da wani farantin roba mai ramuka 96. A kowane rami ana ɗiga ruwan gwaji ɗan mitsitsi, kamar maikurolita 20 ko 25, wato bai kai ɗigon da ke faɗowa daga bakin sirinji ba. Sai a rufe farantin da wata siririyar leda mai manne, a saka a na'ura. Na'urar tana ɗumama shi har wajen digiri 95, ta sauke, ta sake ɗagawa, kamar sau 40.

To ku duba. Ruwan da bai kai ɗigo ba, a zafin da ya kusa tafasa, sau arba'in. Abin da ya tsaya tsakaninsa da ƙafewa ledar nan ce kawai. In ta yi sako-sako ta tattare, tururi ya samu hanya ya fice, ko ruwan wani rami ya tsallaka maƙwabcinsa. In an ja ta fiye da kima wajen mannawa, da ta ji zafi sai ta nemi komawa yadda take, gefenta ya ɗaga. Ramin da ya ƙafe ba zai ba da sakamakon da za a dogara da shi ba.

Ana nan sai ledar da suka saba amfani da ita ta ƙare, kuɗinta ya tashi saboda dala, aka sayo wata mai sauƙi. A ido ba ka bambanta su. Da aka gama wani zagaye sai aka tarar ramukan gefe sun ƙafe. Allah ya sa ma'aikatan masu lura ne, suka soke zagayen gaba ɗaya, aka ce sai an sake. A takarda wannan layi ɗaya ne: an maimaita gwaji. A bakin ƙofa kuwa wata dattijuwa ce da ta zo karɓar sakamakon ɗanta daga ƙauye. Ni aka aika in gaya mata ta dawo jibi. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kuɗin motar nan fa rance na yi." Na ce, "Ki yi haƙuri Mama." Ta ɗaure bakin zaninta ta tafi. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin tafiyarta.

Da yamma na tambayi ogan da ke koya mini aiki. Na ce, "Oga, wai yaya ake sanin ledar ta ɗame daidai?" Ya ɗaga babban yatsansa ya ce, "Hannu ne ya sani." Kuma gaskiya ya faɗa, shekarunsa da yawa a aikin, hannunsa ya sani. Ya tuna mini da mai kalangu: yana matsa tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta tashi, ya saki ta sauka, bai taɓa riƙe ma'auni ba. Amma kunnen makaɗi shekaru ake yi ana gina shi, kuma ba a iya rubuta shi a takarda a miƙa wa sabon yaro. Ranar da oga ya tafi hutu, ko aka canza masa leda kamar yadda ya faru, yatsan bai da abin cewa. In kalangu ya yi kuskure, rawa ce ta ɓaci. In lab ya yi kuskure, magani za a ba wanda bai kamata ba, ko a sallami wanda ya kamata a kwantar.

Da na dawo makaranta na ce furojet ɗina shi ne in mayar da yatsan oga lamba.

Ga yadda na'urar take, don masu cewa sikeli ce. Firam ne na ƙarfe da wani mai walda a kan titin Jos ya haɗa mini. Akwai baki biyu masu damƙe leda, na sama da na ƙasa. Na sama yana rataye ne a jikin ɗan ƙarfen awo da ake kira lod sel, irin wanda ke cikin sikelin dijital. In aka ja shi yana lanƙwasawa kaɗan yadda ido ba ya gani, wasu siraran wayoyi da ke manne a jikinsa su canza yadda suke barin lantarki ya wuce. Canjin ƙanƙane ne ƙwarai, sai ɗan allon HX711 ya ƙara masa ƙarfi ya mayar da shi lamba, Arduino ya karanta ya nuna. Bakin ƙasa kuma yana kan dogon bolti mai lamba M8. Zaren irin wannan bolti, juyi ɗaya cikakke yana tafiyar milimita 1.25. Kenan in na ƙirga juyi na san nawa na miƙar da ledar, in na dubi allo na san ƙarfin da ta ja. Ina yanka ledar da faɗi ɗaya, milimita 25, don kwatancen ya yi adalci.

Eh, malam bai yi ƙarya ba, zuciyarta zuciyar sikeli ce. Haɗa ta bai ɗauke ni mako uku ba. Abin da ya cinye mini wata huɗu shi ne amsa tambaya ɗaya: wa ya ce lambar da take nunawa gaskiya ce?

A nan na gane abin da ba a koya mana da kyau. Ma'auni ba ya zama ma'auni sai an gwada shi da abin da aka riga aka san nauyinsa. Da farko na ɗauko fiya wata na ce ai rabin lita ne, rabin kilo kenan. Na auna guda biyar, kowanne da nasa nauyin. Na koma na roƙi duwatsun awo a lab ɗin kimiyya, aka ba ni aro na sa hannu. Giram 100 yana ja da ƙarfin niyuton 0.98. Na rataya 100, na rataya 200, har 500, na sauko da su ɗaya bayan ɗaya, in ga ko hawa da sauka za su ba da lamba ɗaya. Sai matsaloli suka fara fitowa. Da safe na'urar ta faɗi abu, da azahar in kwanon ɗakin ya ɗau zafin Lafiya ta faɗi wani. In fanka tana juyawa lambar ƙarshe ba ta tsayawa. In an kawo wuta ko an ɗauke, sifirinta ya gusa, dole na koma batir. Ledar kuma tana zamewa daga bakin a hankali, ni ina zaton miƙewa take, sai da na ja layi da maka na gane, na liƙa robar tsohon tub a cikin bakin.

Su ma duwatsun da na ara, wa ya auna su? Wani dutsen da ya fi su inganci. Shi kuma wa ya auna shi? Haka silsilar take tafiya kamar isnadi, kowa yana karɓa daga na sama da shi. A Najeriya hukumar SON tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu, hukumar MLSCN mai kula da aikin lab na asibiti kuma tana da cibiyar saita na'urorin lab a Abuja. A duniya kuwa, tun 1889 wani ɗan curin ƙarfe da aka adana a Sèvres kusa da birnin Paris na Faransa shi ne kilo, duk sikelin duniya daga gare shi yake karɓa, har zuwa 20 ga Mayun 2019 da aka koma ma'anar da ta dogara da lissafin kimiyya. Ƙasashe sun shekara 130 suna gadin dutsen awo guda ɗaya. Mu kuma muna dariya don an ce abu sikeli ne.

Kuma mu da muka tashi a kasuwa bai kamata a koya mana darajar awo ba. Kowa ya san mudun da aka bubbuge gindinsa, kowa ya san tiyar saye daban da tiyar sayarwa. Tun muna makarantar allo muka haddace Suratul Muɗaffifina, muka ji abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu saboda tauye awo. Mun taƙaita abin ga mai hatsi ne kawai. Na'urar da ke juya jini don a ga yawansa, in ba ta kai gudun da aka rubuta a jikinta ba, ita ma mudu ce mai bubbugaggen gindi, sai dai babu wanda ya yi niyyar cuta. Haka firjin ajiye jini ko allurar rigakafi da allonsa ke nuna sanyin da babu shi a ciki. Haka abin ɗiban ruwan gwaji da ke ɗibar ƙasa da abin da aka saita. Na'urar da ta mutu kowa ya san ta mutu, a tura ta lungu. Wadda ke aiki tana faɗin ƙarya ita ce abin tsoro, don takarda mai hatimi take fitarwa.

Wasu masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka, Lora Perry da Robert Malkin, sun wallafa nazari a 2011 kan na'urorin asibiti sama da dubu 100 a ƙasashe masu tasowa 16. Sun samu kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki, kuma manyan dalilan sun haɗa da rashin horo da rashin tsarin kula da kayan. Wannan lissafin waɗanda suka tsaya ne fa. Waɗanda ke kunne suna kuskure ba a ganinsu sai an zo da ma'auni.

Yanzu ga wurin da na fi so ku saurara. Da na gama awo, sakamakona bai yi kyau ba. Na shiga aikin da yaƙinin cewa ɗamewa ce kaɗai matsalar. Na gwada ta wata hanya mai sauƙi: in zuba ruwa a faranti, in rufe, in auna nauyinsa, in ɗumama, in sake aunawa. Maikurolita ɗaya na ruwa kusan miligiram ɗaya ne, don haka nauyin da ya ragu shi ne ruwan da ya tsere. Abin da na gani shi ne ɗamewa tana da tasiri, amma ƙarfin mannen ledar da yadda aka danne gefenta su ma suna da nasu, wani lokacin ma sun fi. Wato rabin hasashena ya faɗi. Ga kuma ɗigogin da ke kan jadawalina sun warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba.

Wani abokina ya duba ya ce, "Mutumina, kai ma dai. Gyara lambobin nan su hau layi mana, wa zai sani? Kowa haka yake yi." Ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Kuma kun san bai yi ƙarya ba da ya ce ana yi. Mun san masu raba takardar tambayoyi ɗari su cike tamanin da hannunsu a ɗaki. Mun san inda ake sayen furojet da babi biyar a shirye, a canza suna da shekara kawai. Na yi kwana biyu ina juya maganar, don ni ma ina son maki, mahaifina ma yana jiran ya ga sakamako mai kyau. Abin da ya hana ni shi ne na tuna dalilin da ya sa na fara. Na'ura ce nake ƙerawa don ta kama ƙaryar wata na'ura. In na yi mata ƙarya tun a haihuwa, me ya rage?

Wanda yake ganin gyaran lamba ƙaramin abu ne ya nemi labarin kamfanin Theranos a Amurka. Sun ce da ɗigon jini daga yatsa na'urarsu za ta yi gwaje-gwaje masu yawa, aka zuba musu ɗaruruwan miliyoyin daloli. A 2016 dole suka soke sakamakon shekara biyu da na'urar ta fitar wa mutane. A 2022 kotu ta samu shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes, da laifin damfarar masu zuba jari, aka yanke mata sama da shekara 11. Abin da muke yi a babi na huɗu ƙanin wannan ne, girma ne kawai bai yi ba tukuna.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Za a ce na'urar da aka haɗa a Bukan Sidi ba ta da takardar shaida, babu lab ɗin da zai dogara da ita a hukumance. Haka ne, kuma ban ce ta maye gurbin cibiyar Abuja ba. Amma tana iya gaya wa mai lab cewa sabuwar ledar da ya sayo ba ta yi kama da tsohuwar ba, tun kafin ya zuba samfurin mutane a ƙarƙashinta. Gwajin awa ɗaya da ya hana dattijuwar nan zuwa sau biyu. Za a ce kuma malamai sun fi ba abin burgewa maki, ɗalibi kuma maki ya zo nema. Wannan ma gaskiya ne a wurare da yawa, shi ya sa roƙona ya haɗa da malamanmu: ku riƙa tambayar mai ƙofar rimot sau nawa ya gwada ta, sau nawa ta ƙi buɗewa, kamar yadda za ku tambaye ni. Za a ce ba kuɗi. Kayan da na saya ba su kai kuɗin wayar da yawancinmu ke riƙe da ita ba. A Jami'ar Stanford, Manu Prakash da ɗalibansa sun fito da abin juya jini na takarda da zare a 2017, wanda suka samo dabararsa daga irin abin wasan yara da ake ja da zare yana juyawa, kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba. Abin da ya sa duniya ta saurare su shi ne sun auna gudunsa da kyamara mai sauri, sun nuna yana kai juyi 125,000 a minti, sun kwatanta sakamakonsa da na na'urar asibiti. Ba don awon ba da abin wasa ne kawai.

Hannu ba shi muka rasa ba a Arewa. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san akwai masu ƙera duk abin da ka zana musu. Mai waldan da ya yi mini firam bai yi boko mai zurfi ba, amma da na ce ina son bakin biyu su kalli juna daidai, shi ya gyara mini zanena. Abin da mu 'yan makaranta za mu ƙara a kan nasu shi ne lamba, da maimaitawa, da rubuta iyakar kuskure. In ba mu kawo wannan ba, me muka zo yi shekara huɗu ko biyar?

Don haka ga shawarata ga masu zaɓen maudu'i. A garin nan kaɗai muna da Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Kwalejin Isa Mustapha Agwai, ga Jami'ar Jiha a Keffi, ga asibitoci da ƙananan lab a kowace unguwa. Kafin ka buɗe intanet ka kwafo maudu'i, je ka gaida wani ma'aikacin lab, ka tambaye shi wace na'ura ce yake zargi amma ba shi da yadda zai gwada ta. Za ka fito da maudu'i uku. Abin auna gudun na'urar juya jini. Abin rubuta sanyin firji dare da rana, a ga abin da ke faruwa in wuta ta ɗauke. Gwada abin ɗiban ruwa ta hanyar auna nauyin abin da ya ɗiba. 'Yan injiniya ku nemi 'yan kimiyyar lab, su sun san ciwon, ku kun san waya da ƙarfe. Muna haɗuwa a wurin mai shayi kullum muna musun ƙwallo, ba mu taɓa tambayar juna abin da muke karantawa ba. Kuma 'yan uwa mata da ke karatun lab da jinya, ku kuka fi kowa sanin na'urar da ke ba ku wahala a wurin aiki, ku faɗa mana.

Ni dai nan da mako biyu zan shiga da sikelina, da jadawalina mai warwatsattsun ɗigogi, da shafi guda da na rubuta duk inda na'urar ke kuskure da kuma nawa. Mai yiwuwa in samu makin da bai kai na mai ƙofa ba. Na riga na gaya wa Baba, ya yi shiru, sannan ya ce in dai ban yi ƙarya ba ya yafe sauran. Bayan difens zan kai wa ogana na IT ita, ya ɗora yatsansa a gefe, mu ga ko shi da ita za su yarda da juna.

Wanda yake da duwatsun awo masu takardar shaida, ko ya san inda zan samu aro na kwana biyu a nan Lafiya, don Allah ya yi mini magana, ina so in sake gwadawa sau ɗaya kafin ranar. Sauran kuma ku sa ni a addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani.